DARASIN WATA: Ɗaga Ruwa Sama da Sauya wa Kifi Ruwa a Gida

Darasinmu na wannan wata a kan ruwa yake. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun 2019 da 2020 sun hana mutane da yawa a ƙasar Batsari da Safana zuwa gonakin da ke gefen dajin Rugu. Wannan ya sa sana'ar da za a yi a cikin gida ta ƙara daraja a garuruwa irin su Wagini. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i ita ce kiwon tarwaɗa a kwami na siminti ko a tankin roba. Amma wanda duk ya fara kiwon kifi zai tarar abincinsu ba shi kaɗai ne aiki ba. Babban aiki shi ne ruwa: fitar da tsoho, da kawo sabo.

Me ya sa ake sauya ruwa?

Kifi a cikin ruwan da yake zaune yake kashi, a nan kuma ragowar abincinsa ke ruɓewa. Daga nan ne wata guba mai suna amoniya ke taruwa. Iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa kuma sai ta ragu. A dam ɗin Zobe ko na Jibiya ruwa na da yawa, dattin ba ya taruwa wuri ɗaya. A kwami kuwa ba inda za shi. In ka ga ruwa ya yi wari, ko kumfa ta hau kansa, ko kifi sun ƙi cin abinci, to ruwa ya gaji.

Wannan doka ba ta mu kaɗai ba ce. A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu kiwon kifayen teku da murjani mai rai a akwatin gilashi don ado. Sukan haɗa ruwan gishiri da kansu, gishiri kamar giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Wasunsu a ɗakin ƙasa suke haɗawa, sa'an nan su tura shi hawa na sama da famfo. Kifinsu daban, namu daban, amma lissafin ɗaga ruwa ɗaya ne.

Nauyin ruwa

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Jarka mai lita 25 ke nan kilo 25. A ce kwaminka tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 2, zurfin ruwa mita 1. Ruwan da ke ciki lita 4,000 ne. In za ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu, kana bukatar lita 1,000, wato jarka 40. Wanda zai jawo wannan da guga kowane kwana biyu, ba da daɗewa ba zai gaji ya bari. Ranar da ya bari kuwa, ranar asara ta fara. Shi ya sa ake neman inji da tanki a sama.

A lura kuma: tanki mai lita 1,000 in ya cika ya kai tan 1. Kada a ɗora shi a kan soron ƙasa ko rufin azara. A gina masa ƙafa ta bulo da siminti, ko ta ƙarfe.

Zuƙowa daban, turawa daban

Injin ban-ruwa aiki biyu yake yi. Yana zuƙo ruwa daga ƙasa, yana kuma tura shi gaba. Turawa ta danganta da ƙarfin inji. Zuƙowa kuwa tana da iyaka wadda ba injin da ke wuce ta. Dalili shi ne, nauyin iskar da ke kanmu ne ke danna ruwa ya hau cikin tiyo, kuma wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Galileo, ya ambaci wannan iyaka a littafinsa na 1638. Almajirinsa Toriceli ne ya gano dalilinta a wajen 1643. A wurin aiki ma ba a samun mita 10 ɗin. Da zarar ruwa ya yi ƙasa da inji da mita 7, sai aiki ya fara gagara.

Wannan ne ya sa ƙananan injuna da aka yaɗa a Arewa ta hanyar shirin Fadama, wanda aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya, suka dace da fadama, inda ruwa ke kusa. Rijiyar tudu mai zurfi kuwa sai famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda masu haƙar burtsatse ke kira sumo. Shi ba ya zuƙowa, turowa kawai yake yi. Akwai mai aiki da lantarki, akwai na hasken rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, na hasken rana ya cancanci a yi lissafinsa.

Yadda za ka auna kafin ka sayi inji

1. Ɗaure dutse a igiya, ka auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa. Ka yi awon a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. A ce ka sami mita 6.

2. Auna daga ƙasa zuwa bakin tanki na sama. A ce mita 4. Jimla mita 10.

3. Ruwa na gogar jikin tiyo, kowace kwana kuma tana rage masa ƙarfi. Saboda haka ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ya zama mita 12.

4. Duba lambobin da ke jikin inji. Akwai ta iyakar tsawon da yake kai ruwa, akwai ta yawan litar da yake bayarwa a minti. Inji ba ya cika biyun a lokaci guda. Wanda aka rubuta masa mita 12, in ya kai ruwa mita 12 ko ɗigo ba zai zubo ba. Nemi wanda lambarsa ta kai mita 20 ko fiye.

5. In inji na ba da lita 20 a minti a wannan tsawo, zai cika tanki mai lita 1,000 cikin minti 50.

Kada ka yi rowar tiyo. Siririn tiyo mai tsawo yana shaƙe ruwa, ya cinye maka mai a banza.

Fitar da tsohon ruwa

Saukar da ruwa ba ya bukatar inji. In kwami yana kan tudu, a sa masa bututun fitarwa a gindi, inda datti ke kwanciya. In babu, a yi dabarar da 'yan bumburutu ke yi wajen juye fetur. Cika tiyo da ruwa, ka toshe bakinsa biyu da yatsa. Sa ɗaya a gindin kwami, ɗaya kuma a waje, a wurin da ya fi saman ruwan kwamin gangara. Saki yatsa, ruwa zai bi da kansa. Kada ka zuƙa da baki. Wannan tsohon ruwa taki ne, a kai shi gindin alayyafo, tumatir ko zogale.

Abubuwan kiyayewa

Kada a kwashe ruwa duka a zuba sabo mai sanyi lokaci guda, musamman da hunturu. Sauyin bazata yana jigata kifi. Ruwan burtsatse ba shi da isasshiyar iska, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Ruwan famfon gari mai maganin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe tukuna.

Kada a taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya don a kusantar da shi ga ruwa. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari, wadda ke taruwa a rami ta kashe mutum. Kada a taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu. A rufe rijiya da kwami saboda yara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, lita nawa yake ci?

2. In za a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa, jarka nawa ke nan mai lita 25?

3. Rijiyar da ruwanta ke mita 15 daga baki, wane irin inji ya dace da ita? Me ya sa?

A yi lissafin tare da abokan karatu, sa'an nan kowa ya ɗauki igiya ya auna rijiyar gidansu.