Darasi: Takin Yuriya da Ruwan da Shanunmu Ke Sha

Ƴan'uwa fatake, duk wanda ya koro shanu da damina ya san tafkunan da ke gindin gonaki. Abin da manomi ya watsa, can yake taruwa.

Buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 nasa naitirojin ne, wato ƙarfin takin. In an watsa ba a rufe da ƙasa ba, wani ya bi iska, wani ruwa ya kwashe shi zuwa tafki da rijiya. Saniyar da ta sha irin wannan ruwa da yawa, ko ta ci ɗanyen karan dawar da aka cika wa taki, sai haki, jini ya koma ruwan ƙasa, wata ma ta faɗi kafin dare.

Manoman wasu ƙasashe sun sami gyara. A 2015 Indiya ta wajabta shafa wa yuriya man bedi, wato dogon yaro, don ta riƙa sakin ƙarfinta sannu-sannu. A Bangaladash kuwa dunƙula ta ake yi, a binne cikin lakar shinkafa.

Mu dai namu, kada mu loda shanu a motar da ta sauke taki sai an share ta tas. Yuriyar da ta zube, ba sai sa ya lasa da yawa ba take kashe shi.