Kafin Ki Dangwala Yatsa a Takardar Aikin Ido



Darasinmu na wannan fitowar a kan takardar nan ne da ake miƙo miki a asibiti kafin a yi miki aiki. Da yawanmu daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sai mun yi sammako mun shiga Kano neman maganin ido. Ga gajiya, ga layi, ga kunya. Ana cewa "sa hannu nan," sai kawai mu dangwala.

'Yar uwa, mu Kanawa mun ga illar rashin bayani. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To wane kuɗi ne zai dawo da ɗa?

Haka ido yake, ba a sayo sabo a kasuwa. Yanzu ana aikin ido da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza. Amma ki sani, ga mai hawan jinin ido, leza tana rage matsin cikin idon ne, ba ta dawo da ganin da ya riga ya tafi. Wanda ake yi don a rabu da tabarau kuwa yana iya barin bushewar ido ko ɗaukar ido da daddare, kuma likitoci kan ɗage shi ga mai ciki ko mai shayarwa.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki tambaya:

1. Mene ne sunan ciwona?
2. Me aikin zai gyara, me ba zai gyara ba?
3. Wace matsala ke iya biyo baya?
4. Akwai wata hanyar, kamar maganin ɗigawa ko tabarau?
5. Wa zai yi aikin, kuma nawa ne kuɗinsa har da zuwa dubiya?

Wannan ba rashin kunya ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi miki bayani da harshen da kike ji, kuma kina da ikon cewa a'a. Malaman fiƙihu ma sun sa izinin mara lafiya cikin sharuɗɗan yi masa aiki, in ba a halin ceton rai ba. Ki yi shawara da maigida, ya raka ki, ya taya ki tambaya, amma yardar taki ce, tunda idon amana ce a hannunki.

Kada tsoro ya sa ki ƙi asibiti. Aikin yanar ido ya buɗe wa iyayenmu da yawa gani. Ki dai adana katinki da rasit. In aka yi sakaci, ana kai ƙorafi ga shugabannin asibitin ko Majalisar Kula da Likitoci ta Ƙasa.

Ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya boko ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.