Ba Siminti Ne Ya Cuce Ka Ba, Fulawar Jikin Bango Ce

Kowace shekara, da ruwan Agusta ya ja baya, ƙorafi ɗaya ake kawo mini: bangon ƙofar gida ya yi jirwaye daga ƙasa, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa na fitowa, filasta na zubowa da an taɓa. Kuma kowa da hukuncinsa yake zuwa. Wai simintin yanzu ba shi da ƙarfi, wai mai fenti ya sirka da ruwa, har da masu cewa hannu aka sa musu. In na je dubawa, abin da nake tararwa bai wuce ɗan kewayen fulawa da maigida ya gina da kansa ba, manne da bango, ana ba shi ruwa safe da yamma.

Bulo yana shan ruwa. Ƙasar da ka tara a jikinsa kullum a jiƙe take, danshi ya haura, ya bushe a fuskar bango, ya bar gishirin da ya kwaso. Dalilin ke nan. Gara ma wurin take nema.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganin da ake yaɗawa, wai a manna tayil. Kada ka yi. Tayil ba ya kashe danshi, hanyar fita kawai yake toshe masa. Ruwan da ya rasa mafita sai ya ƙara hawa, bayan damina ɗaya ko biyu ka ga jirwayen ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, ko ya juya cikin zaure. Ka kashe kuɗi ka mayar da ciwon inda ba ka gani. Fentin mai ma haka yake yi. Mai shagon tayil ba zai faɗa maka ba, ciniki yake nema. Su kuma magina da ke tsallake shimfiɗa ledar hana danshi a kan tushen gini don a rage 'yan kuɗi, da masu gidan da ke amince musu, ku ji tsoron Allah.

Ga abin yi. Rushe kewayen, ka kwashe ƙasar har sai ta sauka aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen cikin gida. Kankare filastar da ta ruɓe, ka bar bangon tsirara ya sha iskar hunturu. A nan mutane ke gazawa, ba su da haƙuri, bayan sati biyu sun kira mai fenti. Jira har ya bushe sarai. Sannan ka zuba daɓe mai faɗin kamar mita 1 a gindin bango, da ɗan gangare zuwa kwata. Kwatar kuma kada ka cike ta don mota ta samu hanyar hawa. Ɗora mata murfi.

Ban ce a daina shuka ba. Fulawa, na'a-na'a da ɗoɗɗoya su koma tukwane masu huji a gindi, a ɗora kan bulo nesa kaɗan da bango. Lalle da zogale a ba su tazara. Darbejiya da mangwaro kuwa kada su matso ƙasa da mita 5 daga tushen gini ko ramin masai, saboda saiwarsu ruwa take bi.

Wanda bangonsa ya riga ya tsage har yatsa na shiga, wannan ya wuce gyaran hannu, ya nemi injiniya ya duba kafin ruwa ya sake sauka.