Ƙullutu a Wuya

Da hutun da ya wuce na tarar ƙullutu ya fito wa Inna a wuya, daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Maƙwabta suka ce a kira wanzami, amma Baba ya kai ta asibiti, na raka su.

Likita ya ɗora mata na'urar hoto, ya ga ƙullutun tsoka ce, ba ruwa ba, ya kuma wuce santimita 1. Sai ya sa siririyar allura ya zuƙo kaɗan daga ciki, aka duba da madubin likita. Alhamdu lillahi, ba sankara ba ce.

Ya ce cikin irin wannan ƙullutu 10, wajen 9 ba sankara ba ne, amma ido ba ya rarrabewa. Saboda haka, iyayenmu, a garzaya asibiti tun da wuri.