Barcin da Ba Barci Ba Ne

'Yan'uwa, a shekara ta 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin. Binciken wannan shekara ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 suna shan tiramol da kodin da irinsu ba da izinin likita ba. Waɗansunsu 'ya'yanmu ne.

Waɗannan magunguna sukan danne sashin ƙwaƙwalwa mai lura da numfashi. Idan aka sha fiye da kima, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Bari mu koyi abu uku.

1. Alamu. An tashe shi, ba ya tashi. Numfashinsa da ƙyar, yana minshari. Ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura.

2. Abin yi. Kada mu ce, a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada mu ɗura masa madara ko manja, gama za ya shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a kai shi asibiti nan da nan. Akwai magani, naloksan, mai komo da numfashi cikin mintoci kaɗan. Amma ƙarfinsa yakan ƙare kafin na ƙwayar, saboda haka kada a gaggauta komawa gida.

3. Wanda ya daina. Jikinsa ya bar sabo. Abin da ya saba sha a dā yana iya kashe shi yau. Mu raka shi wurin likita, mu riƙa ziyartarsa.

Iyaye da yawa sukan rufe ƙofa domin kunyar maƙwabta. Mu tambayi kanmu: a gidanmu, wanne ya fi nauyi, kunya ko ran yaro?