Yadda Ake Hana Takin Gona Bin Ruwa

Shuka ba ta cinye duk takin da aka ba ta. Sau da yawa amfanin gona ba ya ɗaukar fiye da rabin sinadarin naitirojin da aka zuba masa. Ragowar, wani ya bi iska, wani kuma ya bi ruwa zuwa rafi da kogi. A can ma taki bai daina zama taki ba. Gansakuka takan samu abinci ta yaɗu har ta rufe fuskar ruwa. Idan ta mutu ta nutse, sai ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, a wajen ruɓarwar kuma su shanye iskar oksijin da ke narke cikin ruwan. Kifin da ya iya gudu ya gudu, wanda ya kasa ya mutu.

Babban misalin wannan yana Amurka. Kogin Misisifi yakan kwaso ruwan gonakin masara na jihohi irin su Ayowa da Ilinoi ya juye a mashigin tekun Meziko. Tun 1985 masana ke auna yankin tekun da oksijin ke ƙarewa a ƙarƙashinsa kowace shekara. A 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000, wato ya fi Jihar Kano ta yau girma.

Kafin a yi maganar magani, wajibi ne ɗalibi ya bambanta sinadarai biyu. Fosfaras, wanda ake samu a takin sufa da kamfa, yakan manne wa ƙwayoyin ƙasa, don haka galibi zaizaya ce ke ɗaukarsa. Maganinsa shi ne tare ƙasa: a yi kunya a gicciye da gangare, a bar layin gamba ko jema a bakin gona domin ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta.

Naitirojin ya fi wuyar sha'ani. Yuriya idan ta shiga ƙasa, bakteriya sukan juya ta ta koma naitiret. Shi naitiret cajinsa na lantarki iri ɗaya ne da na yumɓu, saboda haka ƙasa ba ta riƙe shi. Duk inda ruwa ya nufa can ya nufa, har cikin rijiya. Ruwan ma yana iya zama garai-garai alhali cike yake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, musamman saboda jarirai.

To, yaya za a cire abin da ba ya tatuwa? Akwai wasu bakteriya da idan suka rasa oksijin sukan yi numfashi da naitiret, su mayar da shi iskar naitirojin, wadda da ma ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. Abu biyu suke bukata: wuri mai jiƙe marar iska, da ruɓaɓɓen tsiro da za su ci. Manoman Ayowa kan haƙa rami a ƙarshen magudanar gona su cika shi da ɓarɓashin itace, ruwa ya ratsa a hankali ya fito da ƙarancin naitiret. Fadama tana yin wannan aiki kyauta, kuma shi ya sa nome ta har bakin ruwa, kamar yadda akan gani a wuraren noman rani, asara ce da ba a cika lissafawa ba.

Duk da haka, mafi arha shi ne kada takin ya fita tun farko. A raba yuriya kashi biyu maimakon a zuba gaba ɗaya, a tona a binne ta kusa da gindin shuka, kada kuma a watsa ta hadari na haɗowa. Buhun da ya bi ruwa kuɗin manomi ne.

Malami na iya gwada wannan a aji. A cika kwalabe biyu masu haske da ruwan kududdufi, a saka ɗan ƙwayar kamfa a ɗaya, a ajiye su a taga inda rana ke samu. Ɗalibai su riƙa rubuta launin ruwan kowace kwalba kullum har mako biyu.