Neman Dangin da Aka Haifa Bayan Ƙidaya: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

1. Sau da yawa mutum yakan zo ofishin Hakimi yana neman wani ɗan'uwansa ƙarami, ko domin rabon gado, ko domin aure, ko domin a tabbatar ɗan wace ƙasa ne. Yawanci abin da yakan fara tambaya shi ne littafin ƙidaya. Ya kamata Malamin Hakimi ya san amsar da zai ba shi, kada ya sa bawan Allah ya yi tafiyar banza zuwa Sakkwato.

2. An ƙidaya jama'ar Arewa a 1952, aka sake a 1962 da 1963, da 1973, da 1991. Ta 1962 da ta 1973 an soke su. Ta ƙarshe ita ce ta watan Maris na 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. Saboda haka duk wanda aka haifa bayan Maris na 2006 babu shi a ƙidaya ko ɗaya. Ko wanda aka ƙidaya ma ba za a buɗe wa mai nema takardarsa ba, gama doka ta mai da ita asiri. Jimla kaɗai ake bugawa. Littattafan haraji na zamanin En'e, waɗanda akan sami wasunsu a gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna, suna taimako wajen neman kakanni, amma ba su san jikoki ba.

3. A Illela al'amarin ya fi wuya, domin tsakaninta da Birnin Ƙonni tafiya kaɗan ce. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba mulki, amma ba ta raba zumunta ba, har yau ana auratayya. Bisa al'ada, mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta yi haihuwar fari a can. Watau ɗan mutumin Illela yana yiwuwa a haife shi a ƙasar Ƙonni, in an rubuta shi kuwa a littafin Nijar ne, da Faransanci. Ƙidayar Nijar ta 2012 za ta lissafa shi a can, ta Nijeriya ba ta san da shi ba.

4. Ga yadda Malami zai bi. Da fari ya rubuta dukan sunayen wanda ake nema: sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da na uwa, da na kakan wajen uwa. Lalle ne ya kula da laƙabi, domin saboda alkunya iyaye ba su faɗin sunan ɗan fari, har unguwa takan manta da shi. Laƙabin kansa shaida ne. Ɗanladi an haife shi ran Lahadi, Azumi a watan azumi, Marka da tsakiyar damina.

5. Na biyu, ya nemi shekara. Tsofaffi ba su riƙe lamba, amma suna riƙe abin da ya auku. Sai a tambaye su, shin kafin rasuwar Sarkin Musulmi Maccido ne, a Oktoba 2006, ko bayanta? Kafin ambaliyar 2010 ne? Ko kuwa sa'ad da aka rufe iyaka, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020? Da irin wannan akan matse shekara har ta rage ɗaya ko biyu.

6. Na uku, ya aika wa mai unguwa ya tambayi waɗanda suna ba ya wuce su: limamin da ya raɗa sunan, da wanzami, da ungozoma. A rubuta maganar kowa dabam, ba a gaban juna ba, sa'an nan a gwada.

7. Na huɗu, ya bi takardu. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa cikin kwana 60, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai a fara da ma'aikacinta na ƙaramar hukuma. In ba a dace ba, akwai katin rigakafi na asibiti, da littafin ɗaukar yara na makarantar firamare, da na Islamiyya. In bincike ya nuna haihuwar a ƙetare ta kasance, Hakimi ya rubuta wa Sarkin Ƙonni wasiƙa bisa ladabin maƙwabtaka, a duba a ofishin magajin gari. A tuna rubutun Faransanci yana sake kamar suna: Usman yakan zama Ousmane, Sa'idu ya zama Saidou.

8. Misali, wani magidanci ya rasu a Illela, aka zo rabon gado. Ƙanensa ya ce akwai ɗa namiji da matar fari ta haifa a gidan iyayenta bayan rabuwarsu, sauran magada suka ce ba su sani ba. In Malami ya ce babu shi a ƙidaya ya rufe littafi, an cinye haƙƙin maraya ke nan. In kuwa ya sami limamin suna da katin rigakafi, maganarsu ta zo ɗaya, to, alƙali ya sami abin dubawa. Hukunci na alƙali ne, aikin Malami tattara shaida.

9. Sai a yi hattara da abu biyu. Kada a ba da takardar shaida a kan maganar mutum ɗaya, gama a bakin iyaka akwai masu neman takarda don wata manufa. Kada kuma a nuna gidan mace ko na yaro ga wanda ba a tabbatar da dangantakarsa ba. A fara sanar da wanda ake nema, ko waliyyinsa.

10. Daga ƙarshe, abin da ya fi duka amfani shi ne rubutun yau. Ya kyautu kowane mai unguwa ya kawo sunayen jariran unguwarsa ƙarshen kowane wata, har da waɗanda aka haifa a ƙetare, Malami ya shigar da su, ya kuma matsa wa iyaye su karɓi takardar haihuwa. Jaririn da aka rubuta ran suna, ba a shan wahalar nemansa ran rabon gado.